Kwamfutocin da Aka Binne da Ransu

Ko na yi ritaya ba na jin zan manta da ranar Talatar nan da aka loda kwamfutocin ɗalibaina a bayan akori-kura ina tsaye ina kallo. Ku da kuka shigo aikin koyar da kwamfuta yanzu, gara ku ji labarin daga bakina, domin har gobe in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

Sunana Malama Zuwaira. A lokacin ina mataki na takwas a aikin gwamnati, ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo tsakanin Kura da Bunkure, dab da babban kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin rani. Ɗalibanmu kusan duk 'ya'yan manoma ne. Wata sai ta kai wa mahaifinta abinci gonar tumatir kafin ta sa yunifom. Da aka turo ni, na tarar da alli ake koyar da kwamfuta. A zana ta a allo, a ce wannan shi ne maus, yara su haddace. Ga shi kuma jarabawar shiga jami'a a kan kwamfuta ake yin ta, kuma agogo na tafiya ko ka iya ko ba ka iya ba.

Wata rana shugabar makarantar, Hajiya Binta, ta buɗe mini sito ta nuna mini wasu kwalaye. Ƙananan laptop ne guda ashirin, irin waɗanda ake kira netbuk, da wata ƙungiya ta bayar tun shekarun baya. Ta ce, "Malama, an ce duk sun mutu. In kin ga da mai rai a ciki, bismillah."

Ba su mutu ba. Tsohuwar Windows ce a kansu, bairos ya cinye ta, kuma ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce, yawancinsu giga ɗaya. Ga wanda bai sani ba, kwamfuta ba ta aiki sai da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Windows ɗaya ce daga ciki, Linux wata ce, kyauta ake samun ta, kuma akwai nau'inta mara nauyi da aka yi domin irin waɗannan tsofaffin na'urori. Na nemi izinin Hajiya, ta ba ni. Na sauke Linux ɗin a filas, ina bin su ɗaya bayan ɗaya, in shiga saitin farko in ce kwamfuta ta tashi daga filas, sannan in girka.

Kada wani ya ce muku abin nan wasa ne. Girkawar ba ta ba ni wahala ba, abin da ya biyo baya ne ya sa na rame. Wayfay ya ƙi tashi sam, domin Linux ɗin bai gane katin wayfay ɗin da ke cikinsu ba. Direban, wato 'yar manhajar da za ta sa ya gane, yana intanet, intanet ɗin kuma sai da wayfay. Sai da na jona wayata da igiyar caji na ara musu data, kafin na sauko da shi. Fuskarsu ƙarama ce, in ka buɗe wani saitin sai maɓallin amincewa ya faɗa ƙasa inda ido ba ya gani, har na gano in ka danne maɓallin Alt za ka iya jan tagar sama. Wasu maɓallin rage haske ba ya aiki, batir ya yi ta zuba, wannan ma sai da na yi ta bincike kafin ya daidaita. Abin mamaki, tsohuwar firintar ofis da kowa ya sallama, ina jona ta ta hau aiki. Na sa musu tsarin rubutun Hausa, yarinya mai suna Ɗayyaba ta ga ɗ ɗinta da lanƙwasarta a fuskar kwamfuta, ta yi ta dariya. Iyayen yara suka sayo mana maus da ƙaramar sola. Na ɗora tambayoyin gwaji a laptop ɗina, sauran suna ɗauka daga gare ta, ba ma buƙatar data.

Na raba 'yan ajin ƙarshe gida biyu. 'Yan kimiyya suka fara, a kan in sun goge sai 'yan ajin adabi su karɓa har zuwa jarabawa. A ajin adabin akwai Saratu, 'yar wani manomin albasa daga unguwannin Maguzawa da ke bayan kanal. Ban taɓa koyar da yarinya mai kaifin kai kamarta ba, amma ko waya babba ba ta taɓa riƙewa ba. Kullum sai ta leƙo ta taga ta ce, "Malama, yaushe za a zo kanmu?" In ce mata ta yi haƙuri, saura kaɗan.

Ana gobe 'yan adabi za su fara, sai ga baƙi daga ofishin da ke sa ido a kanmu. Mataimakin darakta ne, mai mataki na goma sha biyar, tare da wani mai gyara da suke kira Injiniya Kabiru. Ka'idar irin wannan ziyara ita ce a duba kayan makaranta, a ga ko suna nan kuma suna aiki. Na ji daɗi ma, na ce yau za a ga abin da muka yi.

Mataimakin darakta ya tsaya a bayan wata yarinya, ya leƙa, ya ɗaure fuska. "Wannan mene ne? Ina Windows?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Linux ne. Windows ta yi musu nauyi. Ga shi suna aiki, yara na gwajin jarabawa."

"Wa ya ba ki izinin taɓa kayan gwamnati?"

Hajiya Binta ta ce, "Ni ce, Yallaɓai."

Ko kallonta bai yi ba. Ya juya ga Kabiru ya ce me ya sani game da wannan abu. Kabiru ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya ji an ce masu kutse ne suke amfani da shi. Shi ke nan, magana ta ƙare. Mataimakin darakta ya ce tsarin da aka sani a ko'ina Windows ne, a goge wannan a sa sabuwa, yau ɗin nan.

Na roƙe shi. Na ce sabuwar Windows ba za ta tashi a kan giga ɗaya ba. Na ce a jarabawa ba a tambayar yaro wace manhaja ce a ƙasa, abin da ake so ya iya riƙe maus ya zaɓi amsa ya wuce gaba. Na ce in ma dole ne, a bari sai bayan jarabawa. Ya ce, "Malama, ke za ki koya mini aikina?" A nan ne na kasa riƙe bakina. Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara nawa suna cikin kwali ɓeraye na fitsari a kansu, ba wanda ya zo dubawa. Sai yau da suka tashi?" Ya ce zan ji daga ofis.

Aka fitar da yara, Kabiru ya zauna da faifansa da filas ɗinsa. Ina kallo yana goge aikin da na sha wuya a kansa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai share tsakar gida. Abin da na faɗa shi ya faru. Guda shida masu ƙwaƙwalwa giga biyu suka tashi da ƙyar, suna jan ciki, babu wayfay, babu sauti. Sauran goma sha huɗun, wasu suka tsaya a tsakiyar girkawa, wasu suka yi baƙi ƙirin. Na ce to, tunda an gwada an gani, a ba ni su in mayar da abin da ke kai. Mataimakin darakta ya ce a'a. Tunda sun kasa ɗaukar manhajar da aka amince da ita, sun lalace ke nan, kuma ka'ida ita ce kayan da suka lalace a mayar da su babban sito. Kwamfutocin da yara suka tashi daga kansu da hantsi, su ne aka kira gawa kafin la'asar. Aka kira akori-kura.

Da ana lodi Kabiru ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Wallahi ban san za su ƙi ba." Na ce masa, "Rashin sani ba laifi ba ne. Amma da aka tambaye ka, me ya hana ka ce ba ka sani ba?" Ya juya ya koma wajen masu lodi.

Takardar tuhuma ta zo, wai na yi wa na gaba rashin ladabi kuma na sauya kayan gwamnati. Na amsa ta, Hajiya Binta ta sa hannu a bayana, aka ja mini kunne, aka rufe zancen. Ta rubuta neman a dawo mana da goma sha huɗun, ta bi sawu da ƙafarta har cikin birni, kullum a ce mai makullin sito ba ya nan.

Guda shidan da suka rage an gargaɗe ni kada in kuskura in taɓa Windows ɗin da ke kansu. Ban taɓa ba. Linux yana iya tashi daga filas kai tsaye ba tare da an girka shi ba, in ka zare filas ɗin kwamfuta ta koma yadda take. Na shirya filas shida da direban wayfay a ciki, na gaya wa Hajiya abin da zan yi, ta ce Allah ya taimaka. Amma shida ina za su kai aji guda? Muka koma zama har Asabar, yara huɗu a kan kwamfuta ɗaya, ɗaya na dannawa uku na kallo. Ga shi lokacin ya zo daidai da cirar albasa, rabin ajin ba sa samun zuwa ranar Asabar. Saratu ba ta zauna a gaban kwamfuta ita kaɗai ba sai 'yan lokuta ƙalilan.

Ranar jarabawa ni na raka su cibiyar da ke birni. 'Yan kimiyya suka fito suna hira. Saratu ta fito daga baya, ta zo ta tsaya a gabana. Ta ce maus ɗin ya yi ta guje mata, ta danna wani wuri shafin ya koma baya, kafin mai kula ya iso ya nuna mata lokaci ya ci rabi. Ta ce, "Malama, na san amsoshin. Wallahi na san su. Ban kai gare su ba ne." Na riƙe ta muka shiga mota.

Ba ita kaɗai ta faɗi ba a ajin nan. Mahaifinta ya zo har makaranta, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambaya ko yarinyar ce ta yi wasa. Na ce ba ta yi wasa ba. Ya ce to ta sake. Shekara guda ta yi tana dashen shinkafa a gonakin mutane da safe, da yamma ta zo ta zauna a gaban netbuk. Ta sake, ta ci, yanzu tana karatun aikin jinya. In mutane suka ce ai ga shi komai ya yi daidai, raina ƙara ɓaci yake yi. Shekarar da aka cinye mata wa zai biya? Ƙawayenta biyu da suka faɗi ba su sake zama ba.

Daga baya wani aiki ya kai ni babban siton. Na ga kwalayenmu a ƙarƙashin inda rufin ke yoyo. Na ɗaga ɗaya, batirinta ya kumbura har ya fasa murfi. A wannan karon sun mutu da gaske.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu na'ura ba ta cika ba da wahala ba. Katin wayfay in ya ƙi, za ka nemo direbansa. Mutumin da ke da iko kuma yake jin kunyar ya ce bai sani ba, shi ne ba shi da direba. Saboda haka in kun tayar da tsohuwar kwamfuta, kada ku tsaya ga izinin baki, ku kai maganar har sama tun kafin a zo dubawa, ku nuna musu tana aiki. Ku ajiye filas a aljihu. In kuma wata rana Allah ya kai ku kujerar mai dubawa, kuka shiga aji kuka ga abin da ba ku gane ba a fuskar kwamfuta, ku fara duban yarinyar da ke zaune a gabanta. In tana koyo, ku cire hannunku.