Ƙodar Iliyasu Sai Bayan Kaka

Iliyasu ɗan kawuna ne, wato taubashina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa a nan babu mai cin tarata. Tare muka tashi a ƙauyenmu kusa da Tsanyawa, inda gonaki suka matsi juna har in ka yi tuntuɓe a kunyarka, a ta maƙwabci za ka faɗi. Tun muna yara ba a san shi da zama ba. A makarantar allo shi ne mai miƙewa kafin a shafa fatiha. Da ya girma, da sassafe yana gona, da hantsi yana koyar da yara a Islamiyya, ranar kasuwa yana bakin buhunan gyaɗa. Ko gaisuwar mutuwa ya je, a tsugune yake yin ta, ido na kan takalmi.

Shekara biyu da suka wuce ƙafafunsa suka fara kumbura, fuska ta biyo baya. Na yi ta tsokanarsa cewa ƙiba ta zo masa da tsufa. Wasu suka ce ciwon shawara, wasu suka ce sammu, ya sha jiƙe-jiƙe har ya gaji. Sai da numfashi ya fara gagararsa muka kai shi asibiti a Kano, aka ce ƙodojinsa duka biyun sun daina aiki. Na tuna tsokanar da na yi, na ji kunyar kaina.

Tun daga nan Litinin da Alhamis suka zama na wankin ƙoda, kuma yawanci ni ke raka shi. Jini ya fita ta wannan roba, ya zaga cikin na'ura, ya dawo ta waccan, awa huɗu cur mutum na kwance, hannu ba motsi. Ku ƙiyasta Iliyasu a haka! Ƙafa na kaɗawa, ido na kan agogon bango, kowane minti goma sai ya tambayi nas saura nawa. An ƙayyade masa ruwan sha, an hana shi gyaɗar da ya yi rayuwarsa yana aunawa.

Likitar, wata mata mai magana a hankali, ta ce wanki riƙon ƙwarya ne, mafita ita ce dashe, in an sami ɗan'uwa mai ba da ƙoda ɗaya. Nan na san danginmu. Gidan da ke cika maƙil ranar suna sai ya koma kamar an yi shara. Wannan ya ce ya ji mai ƙoda ɗaya ba ya haihuwa, wancan ya ce yana so ya koma ga Ubangijinsa yadda aka halicce shi, kai ka ce ba haƙori uku ya cire bara ba. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A gadon da ke kusa da na Iliyasu akwai wata baiwar Allah mai 'yan'uwa tara, babu ko ɗaya da ya yarda a ɗebi jininsa a gwada. Wata Alhamis muka tarar da wani a gadon, ba mu tambaya ba.

Ni na je gwaji, aka ce jinina bai dace ba. Iliyasu ya yi dariya har da tari.

"Nababa, dama yaushe jinin bawa ya haɗu da na ubangidansa?"

Na Khalilu ne ya dace, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, mutum marar magana. Shi ke riƙe da gonar gadonsu da ba a raba ba, wadda ke ciyar da gidajensu biyu. Aka yi wata da watanni ana gwaje-gwaje, a ƙarshe aka sa ranar aiki. Sai ta faɗo daidai saukar ruwan shuka. Likita ta ƙara da cewa wanda ya bayar zai yi kamar wata uku bai riƙe fartanya ba.

Iliyasu ya gyara zama. "Likita, a bari sai bayan kaka."

A wajenmu wannan magana ba ta buƙatar hujja. Aure sai bayan kaka, gini sai bayan kaka, kaciyar yara sai bayan kaka, ko rigima kake da mutum sai ka adana ta har a kai amfani gida. Likita ta ajiye biro.

"Malam, ciwon nan bai san kaka ba."

Na ce za mu yi musu gayya. Iliyasu ya ce, "Gayya wuni guda ce, damina wata huɗu. Ka taɓa ganin gonar da gayya ta riƙe?" Khalilu ya sunkuyar da kai, don ƙani ba ya musu da yayansa a gaban baƙi. Ni kuma mai wannan dogon surutu, muna hawa mota na ce a raina, ai wata huɗu kamar yau ne. Wannan ce take cina har yanzu.

Damina ta yi kyau, ba a magana. Amma ruwa ya sha yanke hanyarmu, wanki ya wuce shi ba sau ɗaya ba. Wani lokacin ma hanya lafiya lau, shi ne zai ce ana noman farko, ba zai bar gona ba. Ba ya iya sunkuyo, sai dai ya yi ta kai da komo a bakin iyaka yana nuna wa Khalilu ciyawar da Khalilu ya riga ya gani. Kafin gero ya nuna, tafiya daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu.

Da aka cika rumbu muka koma mu uku, Khalilu har da jakar kayansa. Aka sake gwaje-gwaje. Likita ta daɗe tana duba takardu, sannan ta ce zuciyar Iliyasu ta kumbura, ta yi rauni, ba za ta ɗauki aiki yanzu ba. A ƙara wanki zuwa sau uku a mako, a sha magani, a dawo bayan wata shida a ga ko ta farfaɗo. Ba ta ce ai na faɗa muku ba. Gara ma a ce ta faɗa.

A tasha muna jiran mota ta cika, na ga Iliyasu yana lanƙwasa yatsu.

"Wata shida... to ai shuka ke nan kuma."

Khalilu ya ajiye jakarsa a ƙasa.

"Yaya, babu shuka. Aron gonar zan bayar."

"Gonar Baba?"

"Ita. Ka yi fushi da ni in ka ga dama, Yaya. Na bi maganarka bana."

Iliyasu ya juyo gare ni yana neman mai taya shi. Na ce in ana neman shaida, ni ne na farko.

A gaban mai unguwa aka ba Usaini, maƙwabcinsu na gona, aronta na shekara guda. Tun kakanninsu baƙon hannu bai taɓa shuka a cikinta ba. Yanzu haka jakunan Usaini na ta kai taki, tsibi-tsibi. Iliyasu bai yi wa Khalilu magana ba har mako uku, kuma duk ranar wanki sai ya sa mai babur ya zaga da mu ta bayan makabarta don kada ya ga gonar. Saura wata biyu a sake duba zuciyar.