Zabirar Gidanmu

Sun ce ba zai yiwu ba. 'Yan majalisarmu ta ƙofar masallaci a Kwarbai sun ce hannun da ya shekara talatin da biyar riƙe da alli ba zai riƙe aska ba, balle yanzu da ya soma rawa. Ɗana Habibu ma cewa ya yi, "Baba, a kai jaririn shago mana, inji minti biyu ne." Ni kuwa na ƙudurta cewa jikana na fari ba za a yi masa askin suna da komai ba sai da askar gidanmu.

Mu jinin wanzamai ne. Rumfar kakana tana kusa da Ƙofar Jatau: tabarma, ƙwaryar ruwa, dutsen wasa aska, da zabirar jan fata wadda kayan aikin suke ciki. Can dattawa ke zama, kai a sunkuye, baki na hira. Boko ya janye ni, zabira ta koma rataye.

Abin da ban manta ba shi ne tatsuniyar kakata Iya Mairo. Bayan sallar isha'i takan tara mu gaban murhu, tana gasa mana gyaɗa. "Matso nan, angona mai ƙaton kai," takan ce da ni, "ga wata ta zo."

Wai zaki ne gashi ya dame shi, ya sa a kira masa wanzami, amma duk wanda ya yanke shi ya zama kalaci. Samari masu kaifin aska suka zo, kowa na gaggawa, kowa ya ƙare a cikin zaki. Sai wani tsoho mai rawar hannu ya zo. Bai zaro aska ba. Ruwan ɗumi ya ɗiba, ya yi ta shafa kan zaki yana yi masa hira, har zaki ya soma minshari. Sannan ya aske shi tas.

"Ka ji ko, angona? Kakanka bai taɓa ɗora ƙarfe a kan da bai saba da tafinsa ba."

A lokacin dariyar zaki mai ƙwalkwal kawai nake yi. Sai ranar suna na gane.

Mahaifiyar jaririn, Hadiza, ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce, "Baba, sai dai a tafasa askar a gabana." Aka tafasa. Na gwada kaifinta a gashin damtsena kamar yadda na ga kakana yana yi. Aka miƙo yaro yana tsala kuka, hannuna na rawa, Habibu ya kau da kai. Sai na ajiye askar, na jiƙa tafina, na yi ta shafa ɗan kan nan ina ba shi labarin zaki. Ya yi barci. Hannuna ma ya natsu. Na aske shi tas, ko ɗigon jini ba a gani ba.

Malam Sani na majalisarmu, wanda ya fi kowa musu, ya cire hula ya ce, "Malam, saura ni."

Saboda haka ina so a rubuta, a sa takardar cikin zabira: Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, a shekarar da na cika saba'in da huɗu, askar gidanmu ta koma aiki.