Mutanen da Suka Tare Ƙafafun Jirgi

Ranar da Baba Istifanus ya shigo rumfata da hoto a cikin ledar burodi ba ta taɓa fita daga raina ba. Ina rubuta wannan ne domin ku da kuka shigo sana'ar gwangwani bayanmu, tunda kun sha tambayata abin da ya sa nake kashe inji in ajiye guduma da zarar mai aiki ya zauna.

Sunana Ɗanlami. Na yi aikin gyaran injuna a wata masaƙa a kudancin Kaduna har aka rufe ta, sai na kama rumfa a Tudun Wada ina ƙera ƙananan motoci da jirage da gwangwani da dalma. Makarantu suna saya domin koyarwa, direbobin tirela kuma suna kawo hoton motarsu in yi musu 'yar ƙaramarta su ɗora a falo. Karatuna bai wuce firamare ba, amma hannuna yana da kyau, kuma na san yana da kyau. Nan matsalata take.

Baba Istifanus mutumin Filato ne, tsohon ma'aikacin reluwe, yana zaune a unguwar Television tare da 'yarsa Malama Rifkatu, mai koyarwa. Ya zo a ƙarshen damina, ya dogara sandarsa a jikin benci, ya dube ni.

"Maƙeri, an ce kana mayar da takarda ƙarfe."

"Ina taɓawa, Baba."

"To ga masoyiyata ta fari," ya ce, yana zaro hoton. "Ka yi mini ita kafin Kirsimeti. Jikokina za su zo, kuma su a ganinsu jirgin ƙasa a cikin waya yake zaune."

Hoton baƙi da fari ne, ya yi ja don tsufa. Kan jirgi ne irin na da, mai cin kwal yana tafiya da tururi, wanda ke jan taragun kaya. A gabansa mutum biyar sun jeru kafaɗa da kafaɗa. Na ƙarshe, wani siririn saurayi riƙe da shebur, shi ne Baba.

Ga yadda ake gane irin waɗannan injuna. Ana duba lambar da ke jikin ɗakin direba, da tsayin bututun hayaƙi, da akwatin kwal da ruwa da ke biye. Amma babban abin dubawa shi ne ƙafafu. Jirgin fasinja gudu yake nema, ƙafafunsa manya ne kuma kaɗan. Jirgin kaya ƙarfi yake nema, nasa ƙanana ne masu yawa, an haɗa su da sandar ƙarfe. A wannan hoton lambar ta faɗa daidai kan ninkin takarda ta goge, mutanen nan biyar kuma sun tare ƙafafun da wandunansu.

Na ce, "Baba, abokanka sun ɓoye mini rabin aikin."

Ya taɓa goshinsa. "Abin da suka ɓoye yana nan ciki. Zan riƙa zuwa ina ba ka."

Ya kuwa cika alkawari. Duk bayan 'yan kwanaki zai hau keken haya ya zo, da gyaɗa a aljihu, ya zauna a benci. Sai dai Baba ba ya amsa tambaya kai tsaye. Da na ce ƙafafu nawa ne, sai ya ce ba zan gane ƙafafu ba sai na san yadda ya fara shiga ƙarƙashinsu. A reluwe, in ji shi, da goge inji ake farawa. Daga nan a zama mai zuba kwal a wuta, wanda suke ce wa fayaman. Sai an daɗe a nan kafin a ba mutum jirgi ya ja. Kowane mataki yana da labarinsa, kowane labari yana da mutanensa, kuma kowane mutum sai an faɗi garinsu.

Ni kuwa ina da tireloli uku da ke jirana. A zuwansa na biyu, yana cikin magana na kunna injin gugar ƙarfe. Na ɗauka zai yi shiru, sai ya yi dariya ya ɗaga murya.

"Ci gaba da aikinka, maƙeri. Mu a kan jirgi cikin ƙara muke hira, wuta na ci, ƙarfe na duka, kuma ba ma zubar da kalma ɗaya. Mutumin ƙarfe da ido yake aiki, da kunne yake ajiya."

Na ce haka ne, Baba. Daga ranar na sami mafita. Yana zama sai in kunna inji, in an ɗauke wuta in kama guduma. Jefi-jefi in ɗago in ce, "Ikon Allah." Nakan ga yatsansa yana bin mutanen hoton ɗaya bayan ɗaya, bakinsa yana motsi, wani lokaci yana dariya har da share ido. Hankalina yana kan ƙarfen da ke hannuna.

Maganar ƙafafu kuwa, na shiga waya na yi ta duba hotunan tsofaffin jirage har na sami wanda bututunsa ya yi kama da namu. Manyan ƙafafu uku gare shi a kowane gefe. Ya yi mini kyau, sai na bi shi. Ina rufe aikin da buhu in Baba ya zo, in ce ba na son ya gani sai an gama. Gaskiyar ita ce ba na son gyara.

Sai ya daina zuwa. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Ban aika a duba shi ba, alhali Television ba nisa gare ta ba.

Malama Rifkatu ce ta zo da kanta wata safiya. Ta ce Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. An sallame su daga asibiti, yana gida, kullum yana nuna ƙofa yana kwaikwayon tafiyar jirgi da hannu.

"Malam Ɗanlami, ko bai ƙare ba ka kawo masa ya gani."

Na kai washegari. Na same shi a jingine da filo, ya rame. Na ɗora jirgin a cinyarsa. Ya shafa bututun, ya shafa ɗakin direba, ya gyaɗa kai. Da yatsansa ya sauka kan ƙafafun sai ya tsaya. Ya dube ni, ya ɗaga yatsu huɗu, ya yi 'yar ƙaramar da'ira da babban yatsa da manuni. Gefen bakinsa mai rai ya yi murmushi, irin na ka ga yaron nan.

Akwai wasu zobban ƙarfe a aljihuna, na zube su a kan zanen gado. Da hannun hagu ya jera su: ƙarami ɗaya a gaba, huɗu a tsakiya, ɗaya a baya ƙarƙashin ɗakin direba. Kafin shayin da aka kawo mini ya huce an gama. Na koma rumfa na farke ƙasan jirgin gaba ɗaya na sake shi. Malama ta roƙa in ƙara mutanen biyar, na yanka su da gwangwani na tsayar da su a gefe, yadda ba za su tare komai ba. A raina na ce na gyara kuskurena.

Kwana ɗaya bayan Kirsimeti na kai. Ɗakin cike yake da jikoki, ana ta cin shinkafa. Baba ya ƙirga ƙafafun da yatsa, ya buga cinyarsa don murna. Sannan ya ɗora yatsa a kan mutum na farko, ya dubi yaran, ya nuna ni.

Ban gane ba. Ya sake nuna mutumin, ya sake nuna ni.

Malama Rifkatu ta ce, "So yake ka gaya musu ko su wane ne. Duk ranar da ya dawo daga wurinka sai ya ce, 'Na juye wa maƙeri komai, ko yau na tafi ba a yi asara ba.' Ni kam makaranta ba ta bar ni na zauna na ji ba. Yara, ku yi shiru, Malam zai ba ku labari."

Suka matso.

Na laluba kaina. Abin da na samu shi ne wani hawa kusa da Kafanchan, da yashi da ake zubawa a kan layin dogo don kada ƙafafu su zame, da wani da ya ƙone a hannu, ban san ko wanne ba ne. Suna ko ɗaya babu. A nan na ƙara laifi a kan laifi, domin na tuna ba zai iya ƙaryata ni ba.

Na ce, "Wannan shi ne direba, Malam Audu."

Baba ya dube ni. A hankali ya girgiza kai, ya jira, yana zaton mantuwa ce, yana ba ni dama. Bakinsa ya yi ta ƙoƙarin haɗa sunan, iska kawai ke fita.

Na durƙusa a gaban gadon. "Baba, ka yafe mini. Ban ji ba. Injin nan da nake kunnawa, don kada in ji ne."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da ido kan jirgin. Yatsansa ya wuce na farko, ya tsaya a kan na huɗu, wanda a hoton ya dafa kafaɗarsa. Ya yi ta shafa kan ɗan gwangwanin nan, hawaye na bin gefen fuskarsa. Wata 'yar jikarsa ta ja hannun rigata.

"Wannan ɗin wane ne?"

"Abokin kakanku ne."

"Yaya sunansa?"



Baba Istifanus ya rasu da daminar da ta biyo baya, maganarsa ba ta dawo ba. Ni da Malama mun zagaya da hoton wurin tsofaffin 'yan reluwe da suka rage, daga unguwar Makera har ta Mahuta. Duk sun gane irin jirgin da kallo ɗaya. Mutanen ne babu wanda ya sani.

Abin da na koya ke nan. Ƙirar inji ba ta ɓata, yau ko gobe za ka sami wanda ya san ta, kuma ƙarfe in ka kuskure sai ka farke ka sake. Amma wanda ya kawo maka tsohon hoto ba inji kaɗai ya kawo ba, kuma shi ba a farke shi a sake. Jirgin yana nan a falon Malama Rifkatu, ƙafafunsa daidai, ko ɗaya ban kuskure ba. A gefensa mutum biyar suna tsaye, ɗaya ne kawai mai suna.