Siddiƙa da Motar Asibiti Guda Ɗaya

Siddiƙa 'yar Damagaram ce. Mijinta ne ya kawo ta Arlit lokacin da ya samu tuƙin bas ɗin ma'aikatan uraniyom. Tari ya kashe shi, ita kuwa ta zauna. Shekara ashirin da biyu tana wanke ciwo a wani ƙaramin asibitin unguwa, ba takarda ba muƙami, amma kallo ɗaya take yi wa rauni ta san ko mai shi zai iya jira.

Shi ya sa da wata ƙungiyar agaji ta kawo tsarin salula don ranar bala'i, ita aka ɗora a kai. Duk wanda ya ga mai rauni sai ya ɗauki hoto, ya yi bayani da murya, ya turo. Ita ta duba, ta sa ja, rawaya ko kore. Mai ja shi motar asibiti za ta fara ɗauka.

Wata Talata da hantsi ruwa ya kwararo, ya rushe gidajen laka na bayan gari. 'Yan kabu-kabu suka bazu suna turo hotuna. A cikin saƙonnin akwai muryar Dassin mai sayar da cuku, tana haɗa Tamajak, yaren Buzaye, da Hausa: katanga ta danne mijinta Bashar, cikinsa na kumbura, leɓensa ya yi fari. Siddiƙa ta gane jini ne ke zuba ta ciki. Ta sa ja.

Motar guda ɗaya ce. Minti arba'in shiru. Ta kira Nomau, direban motar.

"Kana ina?"

"Inna, daga sama aka bugo mini. Ƙanin wani babba ne ya gurɗe."

"Kore na sa masa! A tsaye yake cikin hoton, har da tabarau!"

"Umarni aka ba ni, Inna."

"To uban me ya sa kuka zaunar da ni ina zaɓe?"

Nan take ta aika murya ga kowa: duk mai abin hawa ya nufi gidan Dassin. Wani mai tifar yashi ya je, aka ɗora Bashar a kan ƙyaure. A ƙofar asibiti ya cika.

Bayan sati biyu ƙungiyar ta yi taro da manyan gari, ana ta tafi wai tsarin ya amsa saƙo saba'in da uku. Siddiƙa ta miƙe, ta kara salularta a lasifika, ta kunna muryar Dassin tun daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya ɗaga kai.

"Salula ta yi aikinta," in ji ta. "Ku ne kuka kashe shi."

Kashegari aka cire sunanta daga tsarin. 'Yan kabu-kabu dai har yau lambarta suke turo wa, kuma ta shirya da masu tifa uku da ke ɗaga kiranta ko suna tsakiyar lodi.