Ƙarfen da Ke Cinyar Mijin Yayata

Mijin yayata ya faɗo daga babur a hanyar Bafarawa, cinyarsa ta karye wuri biyu. Mai ɗori ya duba ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai muka kai shi asibiti Sakkwato. Ni na yi jinyarsa. A gabana likita ya ce sun haɗa ƙashin da wani ƙarfe mai suna titaniyom. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, jiki ba ya ƙin sa, har sassan jirgin sama ake ƙerawa da shi. Ya ƙara da cewa in ƙashin ya haɗe, babu aikin da zai gagare shi.

Duk bayanin nan, jirgin sama kaɗai ya shiga kunnen mutumin.

Da muka dawo garinmu, Isa, ya warke sarai, amma bai yar da sandarsa ba. Kullum yana teburin mai shayi, ya naɗe wando yana nuna tabo.

"Ku taɓa ku ji," yake cewa. "Wanga da shi aka yin jirgi. Duk garin ga wa ad da irinai?"

Mutumin da ko faci bai iya yi wa taya ba, ga shi yana ba da darasi kan injin jirgi. Damina ta faɗi, ya ce ai ƙarfe irin nasa ba na kaftun gona ba ne. Yayata ta riƙa tafiya gonar gero da goyo, ni ina taya ta.

Wata ranar kasuwa wani bijimi ya tsinke igiya a kara, wurin sayar da dabbobi. Ina tsaye na ga mai jirgin sama ya wurgar da sanda, ya wuce samari da gudu, ya haye katangar wani gida kamar ɗan akuya.

Na je na gaya wa yayata. Ba ta ko yi dariya ba. Washegari da ya nemi fura, ta ce, "Malam, za ni gona, furarka na can gindin tsamiya. In kana so, ka iske ta."

Ya yi ta faɗa har hantsi, yunwa ta kai shi gonar, kafin ya sha furar sai da ya kama aiki. Kunyoyin da ya yi ranar duk a karkace suke, sai da na sake bin su.