Kakana Ya Rufe Gawa Mai Numfashi

Jama'a, yau kakana ya shiga filin yaƙi da silifas!

Kun san wasan nan da Turawan Greensboro, nan Amurka, ke yi duk shekara a fak, wurin shaƙatawa, na tuna yaƙinsu da Ingila. Mama ta ce mu kai Baba, wato kakan nawa, ya sha iska, satinsa biyu da zuwa daga Nijar. Muka shimfiɗa tabarma, ga shinkafa a kula. Na ce, "Tsoho, yau za ka ga yaƙi kyauta."

Igwa ta tashi, gum! Wani soja mai jar riga ya faɗi kusa da igiyar 'yan kallo. Yara na ta tafi.

Kafin in juya, Baba ya ɗaga igiya ya shige. Ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe mutumin har kai! Ya tsuguna yana salati.

Mama na ihu, "Baba, wasa ne fa! Habibu, kamo shi!"

Na ruga. Gawa ta leƙo, ta ce da Turanci wai lafiyarta ƙalau. Na fassara masa ina dariya.

Baba ya ce, "Na sani, ja'iri, na ga cikinsa na motsi. Amma ƙanena Isufu, lokacin tawaye, kwana biyu gawarsa ta yi a bakin hanyar Agadas. Ba wanda ya rufe shi."

Ni ban ma san yana da ƙane ba.

Baturen ya tambaye ni me tsoho ya ce. Na faɗa masa. Sai ya ja rigar ya rufe fuskarsa da kansa. Bai motsa ba har aka gama yaƙin.

Shinkafar na nan a bayan mota, ba wanda ya taɓa.