Sunan Dakta Ishaku a Addu'ar Safe

Mutanen garinmu sun ce ɗan manomi wanda ya shiga makaranta da gemu ba zai taɓa karanta Ibrananci ba. Masana kuma suka ce ba a iya koyar da tauhidi mai zurfi da Hausa. Dakta Ishaku, abokina tun muna kiwon awaki, ya yi duka biyun, ni kuwa shaida ne. Makon jiya muka kai shi makwancinsa.

'Yan'uwa da muka yi makaranta tare, kun san koyarwarsa: wanda ya huta ya huta, addu'a ta masu rai ce. Mun sha yin gardama a kan haka, kullum yana kayar da ni, ni da na yi ritaya ina hedimasta ba malamin da ya taɓa kayar da ni. To, a addu'ar safe ta gidana nakan kira sunayen mutanena ɗaya bayan ɗaya, nasa yana biye da na ƙanena. Bakina ya saba. Bayan jana'iza ma na ji kaina ina cewa, "Ka ƙara wa bawanka Ishaku lafiya." Matata Saratu ta buɗe ido ta ce, "Malam, wace lafiya kuma? Da hannunka fa ka zuba masa ƙasa."

Na kasa cire shi, na kuma kasa ambatonsa da kwanciyar rai. Na gaji.

A daren jiya kuwa mafarki ya zo mini. Na gan ni a filin taron tsohuwar makarantata, amma rafi ya ratsa tsakiyarsa, bencunan majami'a suna yawo a kan ruwa. Matan zumunta suna zaune a kansu cikin zannuwansu iri ɗaya, suna buga tulu, ba a jin sauti. Ni ina tsaye ina kiran suna, kowa yana amsawa, har tsofaffi masu sanda.

Sai kawai na hango Ishaku a tsallaken rafin, da rigar noma da hular digiri, yana ɓare gyaɗa. Ya ce, "Hedimasta, har yanzu? An tashi makaranta tun ɗazu, kai kaɗai ne ba ka ji ƙararrawa ba."

Na ce, "Dakta, ba wasa na zo yi ba. In cire ka ne, ko in bar ka?"

Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Sai kawai ga mu a falona, dawa ta tsiro tsakanin kujeru har ta taɓa rufi. Shi ne ya durƙusa a inda nakan durƙusa, yana yin addu'ar da muryata. Ya kira Saratu, ya kira 'ya'yana, ya kira ƙanena, daidai yadda nake jera su. Da ya iso gurbin sunansa sai ya yi shiru, ya juyo ya zuba mini ido. Ya daɗe yana kallona. Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Nan na farka, gwiwoyina suna ciwo kamar na yini a durƙushe.

Yau da safe da na iso gurbin nan na yi shiru ni ma. Shirun ya yi tsawo har Saratu ta ce amin, tana zaton na gama. Ina so a rubuta wannan rana, Laraba ta farko bayan jana'izarsa: ita ce ranar da na fara yin addu'a ba Ishaku a ciki.

Ku da kuka zauna a ajinsa, ku gaya mini: da ya tsaya yana kallona, jira yake in faɗi sunan, ko koya mini yake yadda ake wucewa?